An Binne Yayana Ba Tare da Binciken Gawa Ba: Kamfanin Inshora Zai Iya Hana Magada Kuɗi?

"Assalamu alaikum. Yayana ma'aikaci ne a wani kamfani mai zaman kansa a Birnin Kebbi. Sati bakwai da suka wuce motarsa ta ƙwace tsakanin Koko da Jega, ta bar titi ta daki bishiya, shi kaɗai ne a ciki. Kafin a iso da shi asibiti rai ya yi halinsa, muka yi masa sutura kafin la'asar. Yana da inshorar rai ta wurin aiki, da wata da ya yankar wa kansa shekara uku da suka wuce, wadda aka ce ana ninka kuɗinta idan hatsari ne ya yi ajalin mutum. Yanzu kamfanin inshorar ya ce sai mun kawo rahoton binciken gawa, wai sun ga yana da hawan jini. Wani jami'insu har ya ambaci tone kabari. Mahaifiyarmu ta ce ko nawa ne a bar musu. Ya bar mata ɗaya da yara biyar. Shin kuɗin nan sun tafi ke nan? Kuma da gaske ne addini ya hana a binciki gawa?" Daga wani mai karatu a Jega.

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta, ya ba Hajiya da iyalinsa haƙurin rashi. Malam, tambayarka uku ce a dunƙule: ko rashin binciken ya soke haƙƙin magada, ko kamfani na da ikon sa a tone kabari, da kuma inda addini ya tsaya. Kuɗin ba su tafi ba. Abin da kamfani ke da haƙƙin nema shi ne hujjar cewa mutum ya rasu, sannan hujjar abin da ya kashe shi idan yawan kuɗin ya rataya a kan haka. Binciken gawa hanya ɗaya ce ta kawo wannan hujja, akwai wasu. Takardun yarjejeniyar ba sa gabana, saboda haka zan yi magana ne bisa yadda aka saba rubuta su, kalmomin da ke cikin taku takardar su ne za a bi a ƙarshe.

Ku raba kuɗin, kowanne da tasa hujjar

Iyalai sukan haɗa komai wuri ɗaya su ce "kuɗin inshora", kamfani ya riƙe duka saboda gardama a kan ɓangare ɗaya. A wurinku abubuwa ne daban-daban.

Inshorar wurin aiki ita ce mafi sauƙi. Dokar fansho ta 2014, a sashe na 4, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yankar wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar abin da yake ɗauka a shekara ba. In albashi da alawus ɗinsa na shekara naira miliyan 2.4 ne, mafi ƙarancin abin da za a biya miliyan 7.2 ne. Wannan inshorar mutuwa take biya, zazzaɓi ne ko hawan jini ko mota, muddin mutum yana cikin ma'aikatan wurin lokacin da ya rasu. Dokar ta ƙara da cewa in wurin aikin bai biya kuɗin inshorar a kan lokaci ba, shi zai biya magada da kansa. Ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinsa ne ke shigar da wannan neman, naku kai takardu. Duk wanda ya ce muku ita ma sai da binciken gawa, ku ce ya nuna muku layin da ya faɗi haka.

Sai uwar kuɗin inshorar da ya yankar wa kansa. Ita ma mutuwa take biya, amma akwai ƙofofi uku da kamfani kan bi ya zille: kashe kai a cikin shekara ɗaya ko biyu na farko, mutuwar ciwo a cikin watannin jira na farkon yarjejeniya, da ɓoye ciwo lokacin cike fom. A yawancin takardu shekara uku ta rufe biyun farko. Ta ukun ce hawan jini ya shafa, don haka ka nemi kwafin fom ɗin da ya cike. In an tambaye shi ya ce yana da hawan jini, kamfani ya ci gaba da karɓar kuɗinsa da saninsa, magana ta ƙare. In fom ɗin bai tambaya ba, dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta ɗauki duk abin da ba a tambaya ba a matsayin abin da ba shi da muhimmanci. In kuma ciwon ya bayyana ne bayan an ƙulla yarjejeniya, babu ɓoyewa. Matsala sai in an tambaye shi ya ce a'a alhali katinsa na asibiti ya nuna yana shan magani tun kafin ranar. Ka lura, ko a wannan halin ba gawa ce za ta raba gardama ba, ranakun da ke cikin katin ne. Kuma kamfani ne zai tabbatar da ɓoyewar, tunda shi ya yi da'awarta.

Ƙarin hatsari, wato ninkin da ka ambata, nan ne kaɗai rashin binciken zai iya cizonku, domin a nan ku ne masu da'awa. Ku za ku nuna hatsari ne ya kashe shi. Abin da kamfani ke raya wa ransa shi ne zuciyarsa ta buga ko jijiya ta fashe masa a ka, ya cika a kan sitiyari, motar ta tafi da gawa ta daki bishiya. In haka ne, ciwo ya kashe shi, babu ninki.

Akwai wani haƙƙin da ba ka ambata ba. Idan tafiyar ta aiki ce, ko yana kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba iyalinsa diyya ta hannun NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, kuma wa'adin nema shekara ɗaya ne daga ranar rasuwa. Ka tambayi wurin aikinsa ko sun kai rahoto.

Wa ke da ikon cewa a tsaga gawa

A doka binciken gawa iri biyu ne. Akwai na asibiti, inda likita ke son sanin abin da ya kashe majinyacinsa. Wannan ba a yin sa sai da yardar dangi, in kun ce a'a shi ke nan. Akwai kuma na hukuma, wanda ya shafi mutuwar farat ɗaya, ta hatsari, ta makami, ta guba, ta hannun 'yan sanda ko gidan yari, da duk wadda ake zargin da hannun wani. A jihohinmu majistare ne ke zama alƙalin binciken mutuwa. 'Yan sanda su kai masa rahoto, in ya ga da buƙata ya rubuta wa likita umarni, kuma wannan umarnin ba ya jiran yardar kowa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaron jama'a, lafiyarsu, da kare haƙƙin wasu. A aikace, hatsarin mota da ba a zargin kowa a kansa 'yan sanda kan saki gawa a ranar, wani lokaci bayan dangi sun sa hannu cewa ba sa son bincike. In kun sa hannu a irin wannan takarda, ka karɓi kwafinta. Kamfani zai ce ku kuka ƙi, ku kuma za ku ce hukumar da ke da ikon tilastawa ta duba ba ta ga dalili ba.

Kamfanin inshora ba ya cikin waɗannan biyun. Abin da yake da shi kawai sharaɗi ne a yarjejeniya, in ma an rubuta shi, cewa yana iya neman a binciki gawa da kuɗinsa. A Amurka akan ɗaure wannan sharaɗin da cewa matuƙar doka ba ta hana ba, kuma jihohi irin su New York da Kaliforniya suna da dokokin da suka ba mutum damar ƙin bincike saboda addini. A nan abin ya fi komawa ga lafazin yarjejeniya da yadda alƙali ya auna shi. Sharaɗin dama ce ta nema a lokacin da ya dace. Kamfanin da ya sayar wa Musulmi inshora a Kebbi ya san ba a kwana da gawa, a ganina da wuya ya gamsar da kotu cewa binnewa kafin la'asar dabara ce ta ɓoye masa wani abu. Dokar 2003 a sashe na 55 ta kuma ce saɓa wani sharaɗi ba ya zama kariya ga kamfani sai in sharaɗin yana da muhimmanci kuma ya shafi asarar da ake magana a kai.

Tone kabari kuwa sai da umarnin alƙalin binciken mutuwa ko na kotu. Jami'in da ya ambace shi ya faɗi abin da ba ya hannunsa. Ka kwantar wa Hajiya da hankali a kan wannan tun yau.

Sai dai kada ka ɗora wa 'yancin addini abin da ba zai ɗauka ba. Alƙali ba zai ga laifinku don kun binne da wuri ba, amma kuma ba zai cike muku giɓin hujja ba.

Inda malamai suka tsaya

Ƙyamar da Hajiya ke ji tana da asali. Hadisin Nana A'isha ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin gaggauta jana'iza daga Abu Huraira, ga kuma hanin yi wa gawa kaca-kaca. Saboda haka asalin hukunci hani ne. Amma ba hanin da ba shi da togaciya ba ne, kuma ba sai an je nesa ba. Mukhtasar na Shaikh Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya ce ana tsaga cikin mamaci don fitar da dukiya mai yawa da ya haɗiye, ko da shaida ɗaya ne da rantsuwa, masu sharhi suka ce tasa ce ko ta wani. A kan kabari ya ce ba a tone shi matuƙar mamacin na ciki, sai ya togace 'yan wurare, kamar likkafanin ƙwace da mai shi ya ƙi yafewa, ko dukiyar da aka mance a ciki. Wato malaman Malikiyya sun daɗe suna auna alfarmar mamaci da haƙƙin mai rai.

A wannan zamanin, Majalisar Manyan Malaman Saudiyya a 1396 Hijira, daidai da 1976, ta halatta binciken gawa don gano laifi da kuma gano annoba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi zama a 1408, wato 1987, ta halatta shi don shari'ar laifi, tantance cututtuka, da koyar da likitanci, da sharaɗin a tsaya iya buƙata, mace ta binciki mace in akwai, kuma a binne duk abin da aka cire. Neman kuɗin inshora ba ya cikin dalilan da suka ambata da suna. Ko za a yi ƙiyasinsa da maganar Khalil saboda haƙƙin marayu, wannan fatawa ce, ta malaminku ce ba tawa ba. Haka ma halaccin inshorar kanta: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Jidda ta haramta ta kasuwanci a 1985 ta halatta ta taimakekeniya, hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, kuma ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar taimakekeniya, a 2013. Amma kada wani ya zaci takaful ba ya neman takardu, shi ma sai ya ga shaidar musabbabin mutuwa kafin ya taɓa asusun mutane.

Abu ɗaya zan roƙa a faɗa wa Hajiya cikin ladabi. In kuɗin nan gado ne, nata sudusi ne, na matar sumuni, sauran na yara in akwai namiji a cikinsu kuma mahaifin mamacin ba ya raye. Tana iya yafe nata, amma ita da kai duk ba ku da ikon yafe na maraya. In kuma akwai sunan wanda aka rubuta zai karɓa, kamfani shi zai ba, sai ku kai wa kotun shari'a ta faɗi yadda za a yi da su.

Me binciken zai nuna, ko da an yi

Mutane suna ɗauka da an tsaga gawa gaskiya za ta fito fili. Ba haka abin yake ba. A cikakken bincike likita yana fara duba jiki daga waje, sannan ya buɗe ƙirji da ciki da kai, ya auna gaɓoɓi, ya yanki ƙananan tsoka ya sa a ruwan fomalin don dubawa a madubin likita, ya ɗebi jini da fitsari. Aikin awa biyu zuwa huɗu ne, sakamakon tsokar kuwa makonni. A hatsari irin na yayanka abin da ya fi amfani shi ne yawan jinin da ya taru a ƙirji ko ciki, da kumburin da ke gefen rauni, domin su ke nuna zuciya na bugawa lokacin da aka ji ciwon. Gawa ba ta zubar da jini mai yawa. A ɓangaren zuciya kuwa hujjar ba ta da ƙarfi yadda ake zato. Mai hawan jini na shekaru za a iya samun zuciyarsa ta yi kauri, jijiyoyinta sun tsuke, amma wannan ba ya nuna ta tsaya kafin mota ta daki bishiya. Sabon mutuwar tsokar zuciya sai mutum ya rayu awanni bayansa kafin ya bayyana a madubi, rikicewar bugun zuciya kuwa ba ta barin alama ko kaɗan.

Wannan a ranar rasuwa ke nan. Bayan sati bakwai a lahadu, ba akwati, a zafin ƙasar Kebbi, zuciya da ƙwaƙwalwa sun riga sun lalace. Abin da zai rage shi ne ƙashi, karayar haƙarƙari da ta ƙoƙon kai, wato hujjar da ke goyon bayanku. Duk likitan da kamfani zai tuntuɓa ya san haka, shi ya sa maganar tono ba ta wuce baki ba.

Ko da an yarda cewa jiri ko suma ne ya sa motar ta ƙwace, ba lallai ba ne kamfani ya tsira. A Ingila, a shari'ar Winspear ta 1880, farfaɗiya ta kama wani mutum yana tsallaka rafi, ya faɗi ruwa ya ci shi, kotu ta ce nutsewa ce ta kashe shi, a biya. A shari'ar Lawrence ta 1881 wani ya suma a tashar jirgin ƙasa ya faɗa kan layi jirgi ya bi ta kansa, nan ma aka ce hatsari ne. Lauyoyinmu suna kafa hujja da irin waɗannan, domin dokar inshorarmu daga can ta samo tushe. Kamfanoni sun koyi darasi, sai suka riƙa rubuta cewa ba sa biyan mutuwar da ciwo ya jawo "kai tsaye ko a kaikaice". Ka nemi waɗannan kalmomin a takardar yayanka. In suna nan, aikinku ya ƙaru, sai kun nuna dalilin ƙwacewar motar. In ba sa nan, ya wadatar ku nuna raunin ne ya kashe shi.

Hujjar da za ku tara yanzu

A shari'ar kuɗi ba a neman yaƙini, rinjayen zato ake nema. Ko a shari'ar kisan kai Kotun Ƙoli ta sha faɗin cewa shaidar likita ba dole ba ce idan musabbabin mutuwa a bayyane yake, balle a neman biyan inshora.

Ka ce kafin a iso da shi asibiti ya cika. Wannan jimlar ita ce abu mafi daraja a wasiƙarka. In yana numfashi lokacin da aka ciro shi, ko ya yi nishi, ko ya yi kalmar shahada, ko jini na zuba da ƙarfi, to zancen ya mutu a kan sitiyari ya faɗi. Ka nemo waɗanda suka ciro shi da direban da ya ɗauko shi, tun ba su mance ba, kowa ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya faɗi abin da ya gani da idonsa kawai, da lokaci da wuri. Haka waɗanda suka yi masa wanka. Su ne suka ga jikin tun daga kai har ƙafa: ƙirjin da ya lotsa, shatin sitiyari ko na bel, wuyan da ke lilo, jinin da ya ƙi tsayawa har ya ɓata likkafani. Abin da ciwo a ce su tuna, kuma an hore su da rufa asirin mamaci, amma faɗar rauni a gaban kotu don haƙƙin 'ya'yansa ba tonon asiri ba ne.

Sai motar. Kada a sayar wa 'yan gwangwan, kada a kai wa mai gyara, sai jami'in duba motoci ya gan ta ya rubuta rahoto, an kuma ɗauki hotonta ta kowane gefe: tayar da ta fashe, ƙarfen sitiyarin da ya tsinke, sitiyarin da ya lanƙwashe, gilashin gaba, kujerar direba. Tayar gaba da ta fashe tana iya amsa tambayar kamfani gaba ɗaya. Ka karɓi rahoton 'yan sanda da zanen wurin hatsari, in da sawun birki a ciki to mutum ne mai rai ya taka. Ka nemi rahoton hukumar kiyaye haɗurra in sun je wurin, da hotunan da mutane suka ɗauka a waya, da lokacin kiransa na ƙarshe da wanda suka yi magana.

Inda aka fi samun cikas shi ne asibiti. Wanda aka kawo a mace, likita kan rubuta hakan a rajista ya tsaya, domin bai yi jinyarsa ba, ba zai ba da takardar musabbabin mutuwa ba. Ka rubuta wa shugaban asibitin ka nemi rahoton abin da likitan ya gani a jiki da lokacin isowa. In an ba ku takarda mai cewa "tsayawar zuciya" kawai, ku koma a gyara bisa abin da ke rajista, domin kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya, kuma kamfani zai karanta ta a matsayin ciwon zuciya. Kada ku roƙi likita ya rubuta abin da bai gani ba, ko ya mayar da kwanan wata baya. Takardar bogi guda ɗaya tana iya rushe har kuɗin da ba a gardama a kansu. Bayan an tara komai, ana iya kai wa likitan binciken gawa, misali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya duba takardu da hotuna ya rubuta ra'ayinsa. Ku haɗa da takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar liman da ta hakimi kan jana'iza.

Daga nan komai ya koma rubuce. Ka aika wa kamfani wasiƙa, a buga maka hatimi a kwafinka, ka ce su nuna sashen yarjejeniya da ya wajabta binciken, su faɗi abin da suke shakka a kansa, su kuma biya uwar kuɗin yanzu a bar gardamar ninki daban. Ka karanta takardar sallama da kyau kafin magada su sa hannu. In ta ce wannan biya ya rufe dukkan haƙƙi, an binne maganar ninki ke nan, sai a rubuta cewa uwar kuɗi kaɗai aka karɓa. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya faɗi dalilin ƙin biya a rubuce. A watan Agustan 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbinta, don haka lauyanku ya duba ranar yarjejeniya da ranar rasuwa ya ga wadda ke aiki a kanku. In sun ƙi ko sun yi shiru, akwai sashen ƙorafi na NAICOM, inshorar wurin aiki kuma har da hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, bayan su sai kotu. Ba zan yi maka alkawarin ninkin ba. In babu shaidar ya rayu bayan karon, babu lahani a motar, ga kuma waccan jimlar a yarjejeniya, sulhu a kan wani kaso ya fi shekaru a kotu.

Ga wanda abin bai same shi ba tukuna

Yawancin wannan wahala ana kauce mata da awa ɗaya kafin wanka, ba tare da an taɓa gawa da wuƙa ba. Mutum ɗaya cikin dangi ya tsaya a kan takardu yayin da sauran ke shirin makara da kabari. Ya roƙi likita ya duba jikin daga waje ya rubuta kowane rauni da girmansa, a ɗauki hoton raunukan tare da kiyaye al'aura, a yi hoton ƙashi na kai da wuya da ƙirji, ko siti sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, in akwai. Sikan yana nuna karaya, harsashi da tarin jini sosai, amma yana da rauni a kan toshewar jijiyar zuciya da guba. In ana zargin guba ko maye, likita na iya ɗibar jini daga jijiyar cinya, da fitsari, da ruwan cikin ƙwayar ido, duk da allura, a rufe a sa hannu a ajiye a firji. Sannan a tura wa kamfani da wurin aiki saƙon waya ko imel kafin a tafi maƙabarta: wane ya rasu, ga asibitin, za a yi jana'iza ƙarfe kaza. Wannan saƙon shi ke nuna an ba su dama.

In kuma alƙali ya ba da umarnin bincike, jayayya da 'yan sanda kwana kawai take ƙara wa gawa, kuma a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, mutuwaren da wutarsa ba ta tsayawa ba wurin kwana ba ne. Abin da za a nema shi ne a yi a ranar, a taƙaita ga ɓangaren da ake shakka, a mayar da gaɓoɓi a ɗinke, likita mace ga mace in akwai, a bar wani likita ya tsaya a madadin dangi. Kada a yarda a yi wa gawa allurar hana ruɓewa kafin a ɗebi jini, fomalin yana ɓata gwajin guba.

Mai shirin yankar inshora ko takaful kuma ya tambayi kamfani a rubuce tun kafin ya biya ko sisi: in na rasu aka binne ni a ranar, waɗanne takardu za ku karɓa a madadin binciken gawa? Ya sa a shigar da amsar cikin yarjejeniya da hatiminsu, ya ajiye kwafin fom ɗin da ya cike tare da ita, ya kuma nuna wa matarsa da wani ɗan'uwansa inda takardun suke da lambar da za a kira.